Turanci a bakin mutanen Hong Kong: wa ya haɗiye wani?

Alhaji Mai Wayoyi:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na ji uwargida tana yi wa babban ɗanmu faɗa. Wai ya ce mata "Mama zan yi calling ɗinki in na isa", ta ce masa shi ba Bahaushe ba, ba Bature ba, ya zaɓi ɗaya ya huta. Ni dai ban sa baki ba, don na san inda tuwona yake fitowa. Amma abin ya tuna mini da Hong Kong.

Shekarun da nake zuwa saro waya, a Chungking Mansions nake sauka, wannan dogon gini mai hawa 17 da ke kan titin Nathan, inda za ka ga mutumin Pakistan da na Indiya da na Ghana da namu duk a layin lif ɗaya. Wata rana ƙafar amalanken da nake jan kwalaye da shi ta karye a unguwar Sham Shui Po. Na kai wa wani tsoho mai gyara. Ya duƙa ya leƙa, ya ɗaga kai ya kwaɗa wa yaronsa kira, ya ce "si-ba-na!" Wallahi sai da na waiga, na zaci wani Bahaushe ne a bayana. Yaro ya fito da sifana. Sifanar nan dai tamu ta gareji. Daga nan na fara kasa kunne. Bas su ce "ba-si", tasi su ce "dik-si", ƙaramin kanti "si-do", taya "tai", ƙwallo "bo", sajen 'yan sanda "sa-jin". Ɗan sanda kuwa ko malamin makaranta "A-sa" suke kiransa, wato sun ɗauki "sa" ɗin nan na Bature sun liƙa masa "a" ɗinsu na kiran suna.

Mutanen nan Turanci ya shige musu baki har wuya, amma ban ga harshensu ya mutu ba. A kasuwa shi ne, a talabijin shi ne, a majalisarsu ma shi ne. To mu me ya sa da yaro ya sako kalma ɗaya sai a ce Hausa ta lalace?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam Alhaji. A gaishe mini da Hajiya, ka ce mata ina bayanta ɗari bisa ɗari. Ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Sifana, saje, taya, tebur, mota, waɗannan aro ne. Kaya ne suka zo da sunansu, muka ɗinka musu riga irin tamu, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana faɗinsu ba ta san baƙi ba ne. Duk misalan da ka kawo na can irin wannan ne. Amma "calling" fa? Kira ya mutu ne? Wannan ba aro ba ne, kasala ce.

Auta:
Kafin a yi nisa, wane yare ake magana ne? Ni na ɗauka duk Sinanci ɗaya ne.

Ɗalibi a Kowloon:
Auta, ba ɗaya ba ne. Na birnin Beijing shi ne Mandarin, shi ne harshen hukuma a babban yankin Sin. Na kudu, wato lardin Guangdong da Hong Kong da Macau, shi ne wanda Turawa ke kira da sunan Kanton, tsohon sunan da suka sa wa Guangzhou. Mu ce Kantonanci. Mai jin ɗaya ba ya jin ɗaya sai ya koya.

Malama, a yi mini afuwa, ni ƙaninki ne, amma shekarata ta uku ke nan a nan Hong Kong kuma irin "calling" ɗin nan kullum sai na ji ta. Har sun fi mu ɓarna. Su in za su yi tambaya, sukan faɗi kalma, su sa "m" wato a'a, su sake faɗinta, kamar ka ce "zo-ba-zo?" To kalmar Turanci ma haka suke mata. Su datse ta gida biyu su cusa "m" a ciki. Mai tambayar ko kana cikin farin ciki sai ya ce "hap-m-happy?" Bature da kansa in ya ji ba zai gane kalmarsa ba ce. Kalma ta Turanci ce, amma nahawun da ke juya ta na gida ne tsantsa. Kamar yadda ɗan Alhaji bai ce "I will call you" ba, ya sa "zan yi" a gaba, ya sa "ɗinki" a baya. Ginin na Hausa ne, bulo ɗaya ne na aro.

Su ma ana yi musu faɗa a kai, malamai sun daɗe suna hana gauraya a aji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗaya gefen. Ɗan Hong Kong ya samu ɗan uwansa ya yi ta zuba masa Turanci zalla daga farko har ƙarshe, wannan shi ake gani a matsayin iyayi. Yayyafi an yarda da shi, ruwa kamar da bakin ƙwarya ne ba a so. A ƙidayar 2021 kusan kashi 88 cikin ɗari sun ce Kantonanci ne harshensu na yau da kullum, masu cewa Turanci ba su kai kashi 5 ba, duk da cewa sama da rabin jama'a na iya yin Turancin.

Malamar Hausa:
Bulo ɗaya yau, bulo ɗaya gobe, wata rana ka farka ka ga gidan ba naka ba ne.

Baffan Yara:
Ku bari tsoho ya sa baki. Akwai abin da ya haɗa mu da mutanen nan wanda da yawa ba su sani ba. Lugga, wannan da ya ci Kano da Sakkwato a 1903, da ya bar mu a 1906 ina kuke tsammani aka kai shi? Hong Kong. Shi ne gwamnansu daga 1907 zuwa 1912, sannan ya dawo nan ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. A can abin da ya fi alfahari da shi shi ne Jami'ar Hong Kong, wadda aka kafa a 1911, kuma ya tsaya kai da fata a kan da Turanci za a koyar. Har yau akwai titi mai sunansa a kan dutsen da ke saman birnin.

To ku duba bambanci. A daidai lokacin, nan Kano Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, da Hausa aka fara koyarwa. Mulki ɗaya, can jami'a da Turanci, nan elemantare da Hausa. Bature ba son harshen kowa yake ba, abin da zai tafiyar masa da aiki yake dubawa. Can tashar jiragen ruwa ce, yana buƙatar likita da injiniya da akawu masu jin maganarsa. Nan yana da sarakuna da alƙalai da ke riƙe masa ƙasa.

Auta:
Baffa wato Lugga ɗan ci-rani ne kenan.

Baffan Yara:
Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci. Amma tunda ka ja ni, su ma suna sa wa Turawan mulki laƙabi kamar yadda kakanninmu suka yi. Kowane gwamna sai an raɗa masa suna na Sinanci. Na ƙarshensu, Chris Patten, wanda ya miƙa mulki ran 1 ga Yuli 1997, an ba shi sunan Pang, mutanen gari kuma suka ƙara masa "Fei", wato Pang Mai Ƙiba.

Lauyan Unguwa:
Baffa ya taɓo inda ni nake ganin maganar take. Alhaji yana kallon baki, ni takarda nake kallo. Ingila ta karɓi tsibirin a 1842. Ba a amince da Sinanci a matsayin harshen hukuma ba sai 1974, bayan ɗalibai sun yi ta fafutuka. Ku lissafa, shekara 132 mutum yana garin ubansa, doka da Turanci, takardar gwamnati da Turanci, alƙali da Turanci, shi yana tsaye a gaban kotu yana jiran tafinta ya gaya masa an ɗaure shi ko an sake shi. Ko bayan 1974 ɗin ma sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara yin dokoki cikin harsunan biyu. Har yau manyan shari'o'in kasuwanci Turanci ya fi yawa a cikinsu, kuma lauyoyinsu a babbar kotu suna nan da farin gashin nan irin namu.

Saboda haka in an ce harshe bai mutu ba, sai a tambaya, a ina yake raye? A kasuwa ko a inda ake raba albashi?

Ga wani abin lura. Sashe na 9 na babbar dokarsu ya ce ban da Sinanci ana iya amfani da Turanci a matsayin harshen hukuma. Bai ce wane Sinanci ba. Kantonanci ko Mandarin? An yi shiru. Mu lauyoyi mun san shiru a cikin doka ba a banza yake ba.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ni ba na jin waɗannan manyan maganganun naku, abin da idona ya gani zan faɗa. Ni Gwanzu, wato Guangzhou, nake zuwa, unguwar Xiaobei, atamfa da leshi da mayafai. Can harshen ciniki kalkuleta ce. Ya danna, ki goge ki danna, ya dafe kai, ki juya kamar za ki tafi, ya jawo ki. Asalin mutanen garin Kantonanci suke yi a junansu, amma yawancin yaran kanti daga wasu larduna suka zo, Mandarin suke yi. Da na leƙa Hong Kong sai na ga direban tasi ma yana ɗan lallaɓa Turanci, allon titi duk harshe biyu. Na ce ashe ruwa kaɗan ne tsakani amma duniya biyu ce.

Bari in ba ku abin kunyar da na yi. Akwai wata mata da na daɗe ina sayen kaya a wajenta, 'yar garin ce, mutuniyar kirki. Ta buɗe sabon shago, na ce bari in yi abin arziki, na sayo mata agogon bango mai kyau na kai. Ta karɓa tana murmushin yaƙe, fuskar mijinta kuwa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ashe kusan haka ɗin ne. Mai yi mini tafinta ya ja ni gefe ya ce a harshensu "ba da agogo" da "raka mutum kabari" sautinsu ɗaya ne. Ta ciro ɗan tsabar kuɗi ta danƙa mini, wai ya zama saya ta yi ba kyauta ba. Ni da na je da zuciya ɗaya!

Auta:
Hajiya kin kai mata likkafani da batir a ciki.

Ɗalibi a Kowloon:
Hajiya, sannu, ba ke kaɗai ba ce. Wasa da sauti ya shiga rayuwarsu sosai. Huɗu "sei", mutuwa ma "sei", murya ce kawai ta bambanta. Shi ya sa a benaye da yawa za ka shiga lif ka ga babu hawa na 4, babu na 14, babu na 24. Abin dariyar kuma, wasu babu na 13 ma, wannan camfin Bature ne. Sun riƙe nasu sun ƙara da na baƙo, lif ɗaya camfi biyu. Takwas kuwa ana rububinta don tana kama da kalmar yin arziki. Gidan haya da ba kowa a ciki ba sa ce masa "wofi", don kalmar ta yi kama da ta masifa, sai su ce "gidan sa'a".

Mu Hausawa muna da ɗan sauƙi wajen koyo don mun san karin sauti. Mun san wuya na jiki da wuya ta wahala, mun san fari na launi da fari na rashin ruwa. Sai dai mu hawa da sauka da faɗuwa muke da su, su guda shida ne. Gaɓar "si" kaɗai tana iya zama waƙa, ko tarihi, ko gwadawa, ko lokaci, ko kasuwa, ko al'amari. Wanda zai ba 'yan kasuwarmu haushi kuwa, saye "mai", sayarwa ma "mai". Na saye murya na ɗan tashi a ƙarshe, na sayarwa tana kwance a ƙasa.

Alhaji Mai Wayoyi:
Allah sarki! Shi ya sa wani ya taɓa miƙo hannu zai karɓi wayar da ke hannuna, ni kuwa irinta nake nema. Shekara nawa sai yau na gane.

Malamar Hausa:
Ƙanena, tambaya. In harshen yana da ƙarfi haka, da shi suke rubutu a makaranta?

Ɗalibi a Kowloon:
Malama kin sa yatsa a kan gyambon. A'a. Abin da ake koya wa yaro ya rubuta shi ne daidaitaccen Sinanci, wanda ginin jimlarsa da kalmominsa na Mandarin ne, sai dai ya karanta shi da lafazin Kantonanci. A baki "shi" ko "ita" "koi" ne, a takarda wata kalma ce dabam. A baki "a'a" "m" ne, a takarda "bat". Ba wanda zai je kasuwa ya yi magana yadda yake rubutu, dariya za a yi masa. Rubuta Kantonanci yadda ake faɗinsa akwai shi, da haruffansa na musamman, amma a saƙon waya da talla da shafukan nishaɗi na jarida. Ka sa shi a takardar jarrabawa malami ya ja maka jan biro.

Don haka yaro ɗan shekara shida yana ɗauke da harshen gida a baki, wani a takarda, Turanci na uku, darasin Mandarin na huɗu. Tun 1997 manufar gwamnati ita ce rubutu biyu, magana uku. Ko a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa sanarwa sau uku ake yi, Kantonanci, Mandarin, sannan Turanci.

Malamar Hausa:
To a nan mun fi su, alhamdulillahi. Mu abin da muke faɗa shi muke rubutawa, da ajami da boko, kuma ana yin digiri a kansa.

Lauyan Unguwa:
Malama, ana yin digiri a kansa, amma ɗanki a wace makaranta yake? Kar ki amsa, na san amsar, tawa ce ita ma. Ki ji abin da ya faru da su. A 1998 gwamnatinsu ta ce makarantun sakandare su koma koyarwa da harshen uwa, sai waɗanda suka cika sharuɗɗa. Guda 114 aka bari da Turanci, sama da 300 suka koma. Masana sun ce yaro ya fi fahimta da harshensa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma me iyaye suka yi? Suka yi ca a kan 114 ɗin nan. Sunan "makarantar Turanci" ya koma yana nufin makarantar masu ƙoƙari, ɗayar kuma ta waɗanda suka rasa. Dalili a fili yake, yawancin karatun jami'a da Turanci ne, manyan ayyuka ma haka. A 2010 dole aka sassauta. Lokacin da gwamnatinmu ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, wannan labarin ne ya fara faɗo mini. Uba ba ya karanta binciken masana, ƙofar da ɗansa zai bi ya samu aiki yake kallo.

Ɗan Damagaram:
Ina gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Ku kuna ta Turanci, mu Faransanci ne ya yi mana haka. Wannan "A-sa" na Alhaji ya ba ni dariya, don mu malamin lakwal, wato makarantar boko, "mushe" muke ce masa, daga "monsieur" na Faransanci. Yaro a ƙauye bai san daga ina kalmar ta zo ba. Kusa da Hong Kong ɗin ma ai akwai Macau, wadda Fotugal ta riƙe har 1999. Kantonancin nan dai suke yi, allunan titi da Fotugis, amma 'yan kaɗan ne ke jin sa. Sai na ga kamar ba daɗewar mai mulki ba ce ke sa harshensa ya kama, ko akwai kasuwa a bayansa ne.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ku bar maganar makaranta haka nan, ku zo ga shayi. Ɗalibi, gaya musu labarin masu shayin can.

Ɗalibi a Kowloon:
Hajiya kin san hanya. Ana ce musu "ca can teng". In kana son ganin yadda suka yi da al'adar Bature, can za ka je, ba jami'a ba. Bature yana shan shayinsa da madarar shanu a babban otal, talaka ba shi da kuɗin shiga. Sai ya yi nasa. Baƙin ganyen shayi mai yawa, a dafa shi ya yi ƙarfi, a tace a wata doguwar jakar ƙyalle da ta rine har ta koma kamar safar mata, a yi ta juye shi daga buta zuwa buta, a zuba madarar gwangwani. Wallahi ranar da na fara kurɓa sai da na tuna mai shayin bakin layinmu, har ɗaga butar sama. Akwai wanda ake haɗa shayi da kofi a kofi ɗaya. Burodin da aka gasa "do-si", cuku "ji-si", burodi mai haɗi a tsakiya "sam-man-ji". Duk sunayen Turanci ne, amma ka kai wa mutumin Landan taliyar makaroni tana iyo a cikin romo da safe ka ce abincinsu ne, ka ga yadda zai kalle ka.

Teburi ɗaya za a haɗa ka da wanda ba ka sani ba, mai kawo abinci ya dangwarar maka da kofi ba sannu ba madalla, ka gama ka tashi. Da farko na zaci wulaƙanci ne don ni baƙi ne. Sai na ga kowa haka ake masa.

Gargaɗi ga mai zuwa: a kula da naman alade da kitsensa, har cikin wasu kayan fulawa ana sa shi. Ni shayi kawai nake sha a can. Mai son ɗanɗana "dim sam", 'yan ƙananan cimar da suke haɗawa da shayi, na halal ya je masallacin Ammar da ke Wan Chai, akwai wurin cin abinci a sama.

Alhaji Mai Wayoyi:
Na ci a nan! Can na koyi buga yatsu biyu a kan tebur in an zuba maka shayi, wai godiya ce.

Malamar Hausa:
Na ji na shayi, kuma na yarda an mayar da shi ɗan gida. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini amfanin ɗauko kalmar baƙo alhali kana da taka.

Ɗalibi a Kowloon:
Bari in gwada, Malama. Suna da godiya iri biyu. Wanda ya yi maka hidima, ya riƙe maka ƙofa ko ya miƙo maka abu, "m-goi". Wanda ya ba ka kyauta, "do-je". In ka musanya an san kai baƙo ne. Wani lokaci abin yana tsakiya, abokin aiki ya saya maka ruwa, hidima ce ko kyauta? Sai matashi ya ce "thank you" da irin muryarsu, ya tsallake ramin. Haka ban haƙuri. Nasu na asali yana da nauyi, na wanda ya yi laifi ne na gaske. In ka ɗan taka mutum a jirgi sai ka ce "so-li", ya wadatar. Kalmar baƙo ba ta da nauyin ta gida, shi ya sa ake fakewa a bayanta.

Kuma Malama, tsakani da Allah, mu fa? Saurayi nawa ne zai iya kallon budurwa ya ce "ina son ki" ba tare da ya ji kamar ƙasa ta tsage ba? Amma "I love you" sai ya rubuta sau goma. Mace a gaban likita namiji, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa da Hausa ba, in ta yi boko da Turanci take faɗa. Wannan ba kasala ba ce, kunya ce ta samu mayafi.

Auta:
Ɗalibi ya tona mana asiri a gaban iyaye.

Malamar Hausa:
Wannan kam ka kama ni, ba zan yi musu ba. Amma "calling" ɗin ɗan Alhaji wace kunya ce a ciki? Uwarsa zai kira.

Ɗalibi a Kowloon:
Babu, wannan na bar miki shi.

Amma ga inda harshen gida ke rama wa. Suna da 'yan ƙananan kalmomi na ƙarshen magana, "la", "lo", "wo", "ga", kamar namu "fa", "dai", "mana", "kam". Turanci ba shi da su, su kuma ba sa iya magana babu su. Sai ka ga saƙo da Turanci daga farko har ƙarshe, a wutsiya an sa "la". "OK la" dabam, "OK wo" dabam, kamar yadda "to mana" da "to fa" ba ɗaya ba ne. Kuma suna juya maganarsu kai tsaye zuwa Turanci. In za su ƙarfafa wa mutum gwiwa sukan ce "ga yau", wato ƙara mai, kamar a inji. Suka mayar da shi "add oil", suka yi ta faɗa har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da shi a 2018.

Baffan Yara:
Akwai wata kalma da na ga an rubuta a wajen biyan kuɗin ajiye mota a hoton da jikana ya turo, "shroff". Na bincika, ashe daga Indiya Turawa suka kai ta, asalinta kuma "sarraf" ne na Larabci, mai canjin kuɗi. Tushe ɗaya da "sarrafa" tamu. A Ingila an manta da ita, a Hong Kong tana nan a jikin bango.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ni akwai abin da ban ji daɗinsa ba, tunda ana faɗin gaskiya. Bature suna ce masa "gwailo", wai fatalwa, shi har dariya yake yi yana kiran kansa da shi. Mu ma akwai wadda ake haɗa baƙi da fatalwar, kuma wannan zagi ne, ba wasa ba. Mai mutunci "hak yan" zai ce, baƙin mutum. Na koyi bambancin ne don in san lokacin da zan haɗe rai.

Ɗalibi a Kowloon:
Gaskiya ne Hajiya, ana ji, ko da yake ba kowa ba. Kuma Turanci ma ba daraja ɗaya yake da ita a kowane baki ba. Akwai mata 'yan aikin gida sama da dubu 300, yawanci daga Filifin da Indunusiya. 'Yan Filifin da Turanci suke magana da yaran gida, yaro da yawa a wajensu ya fara jin Turancin, amma ba wanda ke kirga su a cikin masu ilimin harshe. 'Yan Indunusiya kuwa, yawancinsu Musulmi, Kantonanci suke koya don tsofaffi suke kula da su. Sai 'yan asalin Pakistan da aka haifa a nan, wasu tun kakanni. Muna sallar Juma'a tare a masallacin Kowloon. Ka rufe ido ka ji suna magana ka rantse 'yan gari ne, amma da yawa rubutun ya ba su wuya, kuma rashin rubutun ya daɗe yana tare musu ƙofar ayyuka.

Lauyan Unguwa:
Mun dawo kan takarda ke nan. Ɗalibi, yanzu wa suke jin tsoro, Turanci ko Mandarin?

Ɗalibi a Kowloon:
Barista, ni baƙo ne, biza ce a hannuna, zan tsaya a kan abin da kowa ya sani. A 2010 mutanen Guangzhou sun fito titi saboda shawarar a rage Kantonanci a talabijin ɗin garin. A 2014 hukumar ilimi ta nan ta rubuta a shafinta cewa Kantonanci karin harshe ne da ba na hukuma ba, aka yi ca, ta ba da haƙuri ta cire. Makarantun firamare da dama da Mandarin suke koyar da darasin Sinanci. Ban taɓa jin wanda ya ce "ba-si" ko "dik-si" za su kashe masa harshe ba. Hasali ma waɗannan kalmomin yanzu su ne shaidar ɗan gari, don a Beijing ba haka ake kiran bas ba. Inda Turanci ke cin yara shi ne wajen waɗanda suka ƙaura Ingila tun 2021, sama da dubu ɗari. Wani abokin karatuna ya ce ɗan yayarsa a Manchester kakarsa na yi masa magana a waya da Kantonanci yana amsawa da Turanci, yanzu ran Asabar ajin koyon harshe ake kai shi.

Malamar Hausa:
Ka ji bulon da nake faɗa.

Lauyan Unguwa:
A'a Malama, wannan ba bulo ba ne, gidan aka bari gaba ɗaya.

Alhaji Mai Wayoyi:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Na karanta wa uwargida duka tun daga sama. Ta yi dariyar agogon Hajiya har da hawaye, ta ce Malama ce kaɗai mai gaskiya a cikinku. Ta kuma ce in yaron ya isa ya kira ta, in kuwa calling zai yi ya yi wa ubansa.

Hajiya 'Yar Kwari:
Ɗalibi, don Allah turo mini saye da sayarwar nan da murya, a hankali, sau uku uku. Wata mai zuwa zan koma, kuma wannan karon turare zan kai mata.